Maginiya da Ruwan da Ya Ƙi Kwanciya

Akwai wata mace maginiyar tukwane a wani ƙauye da ke gindin dutse, sunanta Afiniki. Ta gaji sana'ar daga uwarta, uwarta kuma daga tata uwar, har ba wanda ya san inda abin ya faro. Tukwanenta ba sa fashewa a wuta, tulunta kuwa yana sanyaya ruwa ko a tsakiyar bazara. Mace ce mai fara'a, ba ta aiki sai da waƙa a bakinta, amma tana da hali guda: in ta ƙudura abu a ranta, gara ka ba ta hanya ta wuce. Mijinta Dogara manomi ne mai sanyin hali, ba shi da aikin da ya fi so kamar zolayar matarsa.

Sun daɗe ba su sami haihuwa ba. Sai da suka fara fid da rai Allah ya ba su 'ya mace, suka sa mata suna Kyauta. Daga ita kuma ba su ƙara ba.

To, a dangin su Afiniki akwai wata al'ada. Duk 'yar da za ta yi aure, uwarta ce take gina mata randa da hannunta, ta shafe ta da jar ƙasa mai laushi, ta goge ta har ta yi ƙyalli. Randar nan ita ce take fara shiga ɗakin amarya, kafin gado, kafin kwanuka. Uwar Afiniki ta haifi mata da yawa, ta gina randunan aure har ta gaji. Afiniki kuwa ta san sau ɗaya tak za ta gina irin wannan randa a duniya, don haka tun Kyauta tana goye take tunanin yadda za ta kasance.

Da Kyauta ta girma, sai ranta ya kwanta da wani saurayi kafinta daga ƙauyen da ke ƙetaren rafi. Iyaye suka zauna, aka yi addu'a, aka sa ranar aure sai bayan an gama girbi. Gidan Dogara ya cika da murna. Afiniki ta ƙara sautin waƙarta har maƙwabta suka haddace ta ba tare da sun yi niyya ba.

Ga yadda ake haɗa jan da ake shafa wa randa. Ana haƙo jar ƙasa daga gaɓar rafi, a daka ta, a zuba a kwatarniya, a cika da ruwa, a dama. Yashi da tsakuwa sukan faɗa ƙasa nan da nan, sai a tsiyaye jan ruwan da ke sama zuwa wata kwatarniyar, a bar shi. In ya kwanta, ruwa garau ya taso sama, a zubar da shi, a tarar da jan yumɓu a gindi mai santsi kamar man shanu. Shi ake shafawa. Amma sai randa tana da sauran danshi take karɓarsa. In ta bushe ƙarau, shafen ba ya kama ta, yakan ɓamɓare a wuta.

Ruwan da magina suke wannan aiki da shi kuwa daga wata tsohuwar rijiya suke ɗebo shi a bayan gari. Rijiyar tana da zartsi, wato ruwanta da ɗanɗanon gishiri. Ba mai sha, sabulu ba ya kumfa a ciki, matan gari in suka wuce ta ko leƙawa ba sa yi. Afiniki ta taso ta ga uwarta tana zuwa can, ita ma ta ci gaba da zuwa, ba ta taɓa tambayar dalili ba. A ganinta dalilin a fili yake: can ba layi, ba mai yi maka faɗa don ka ɓata ruwan sha da laka.

Saboda haka da maganar randar Kyauta ta taso, sai ta ce a ranta ba za ta taɓa haɗa jan 'yarta da ruwan da ko wanki ba a yi da shi ba. 'Ya guda, randa guda, ai sai ruwan da ya fi kowane tsabta. Damina tana ban kwana a lokacin. Duk sa'ad da hadari ya taso sai ta jera tuluna a ƙarƙashin indararo, ta bar ruwan farko ya wanke rufin, sa'an nan ta tari na baya, ta rufe da faifai. Ko Dogara bai isa ya sha moɗa ɗaya daga ciki ba. Ƙauna ce ta sa ta yi haka, ba wani abu ba.

Da aka fara kai dawa rumbu, ta zauna ta gina randar. Ba ta taɓa gina mai kyanta ba: ciki faffaɗa, wuya a tsaye, baki a zagaye sumul. Ta lulluɓe ta da jiƙaƙƙun tsummoki don kada ta bushe da sauri. Ta daka jar ƙasarta, ta juye ruwan saman nan duka a babbar kwatarniya, ta dama, ta tsiyaye, ta bar shi ya kwanta, ta tafi tana waƙa.

Da gari ya waye ta zo ta buɗe. Ruwa na nan ja wur, yadda ta bar shi. Ta ce wataƙila sanyin safiya ne, ta ƙara masa lokaci. Wani garin ya waye, bai canja ba. Ta sa hannu har gindi ta lalubo, ba ta samo komai ba sai ɗan abin da ko bakin tulu ba zai shafe ba. Duk jan yana yawo a cikin ruwa, ya ƙi sauka.

Nan fa halin Afiniki ya motsa. Ta ɗauko muciya ta sake damawa da ƙarfi, kamar ruwan ya yi mata laifi. Ta tace shi da farin ƙyalle, jan ya bi ta ƙyallen ya wuce abinsa. Ta sa aka taya ta jan kwatarniyar zuwa inuwa, da bai yi ba ta sa aka mayar da ita rana. Ta kori kaji daga tsakar gida, wai su ne suke girgiza ƙasa. Har Dogara ta hana bi ta wurin, ta ce takunsa ya cika nauyi. Shi kuwa ya riƙa zagayawa ta bayan rumbu a kan yatsun ƙafa, yana riƙe da takalmansa a hannu don ta gani.

Wata safiya ya tsaya daga nesa ya ce, "Maman Kyauta, ko in yi masa magana ne? Wataƙila ba a kai masa goron gayyata ba, shi ya sa yake fushi."

Ba ta yi dariya ba, a nan ya gane abin ya kai mata ko'ina. Waƙa ta ɗauke a gidan. Kullum tana jiƙa tsummokin randar, amma iskar kaka ba ta da tausayi. Bakin randar ya fara yin fari-fari, alamar bushewa ta kama. Biki kuma ya matso, ba sauran lokacin gina wata, a jira ta sha iska, a gasa.

Kyauta ta ga yadda uwarta ta rame a 'yan kwanakin nan. Ta zo ta durƙusa kusa da ita ta ce, "Mama, ki gasa ta haka nan. Ko ba ja, hannunki ne ya gina ta. Ni ta ishe ni."

Maganar ta yi wa Afiniki daɗi, ta kuma yi mata zafi. Ta shafa kan 'yarta. Da yarinyar ta tashi, sai ta zauna a gaban kwatarniyar ta yi addu'a gajeriya, irin ta wanda dabara ta ƙare masa. Ta faɗa wa Ubangiji cewa ta san randa ba wani babban abu ba ne a gabansa, amma ita a wurinta babba ce, ya taimake ta.

Akwai kuma waɗansu ƙananan tukwane da ta gina don raba wa matan zumunta na ikilisiya da za su yi girkin biki. Su ma suna jiran shafe. Ruwan sama ya ƙare, duk yana cikin kwatarniyar da ta ƙi kwanciya. Sai ta ɗauki tulu ta nufi tsohuwar rijiyar bayan gari, tana tafe tana gunaguni, ta ɗebo ruwan zartsi. Ta kwashe ragowar jar ƙasar da ke turmi ta dama a wani kasko, ta tsiyaye, ta ajiye shi a gefen babbar kwatarniyar ba tare da ta ƙara kallonsa ba. Ta shiga hidimar surfe.

Da rana ta karkata ta zo wucewa, sai idonta ya faɗa kan kaskon. Ta tsaya cak. Ruwa garau a sama, har tana ganin fuskarta a ciki, jan yumɓu kuma ya kwanta luf a gindi.

Ta dubi kasko, ta dubi kwatarniya. Ƙasa ɗaya ce, daga gaɓa ɗaya. Turmi ɗaya, hannu ɗaya. Ta tsoma yatsa a kwatarniya ta lasa, ba ɗanɗanon komai sai ƙasa. Ta tsoma a kasko ta lasa, ta ji gishiri-gishiri. Sai ta zauna a ƙasa daɓas ta fashe da dariya, har hawaye. Ashe ba gudun layi ne ya kai kakanninta rijiyar nan ba. Abin da ta raina a ruwan, shi ne yake yi musu aikin tun fil azal.

Kwatarniyar a cike take, ba wurin juye tulun ruwan rijiya. Ta ruga ɗakin girki inda aka ajiye gishirin biki, ta ɓallo dunƙule guda ta jefa a ciki. Ya nutse, ya zauna a gindi. Ta jira, ba abin da ya faru. Dogara, da dariyarta ta fito da shi daga rumbu, ya leƙa ya ce to, ga shi gishirin ma ya je ya kwanta ya bar su a tsaye.

Ta harare shi, amma ta ga gaskiyarsa. A rijiya ai ba a ganin gishirin, narkakke ne. Ta lalubo dunƙulen ta sa a ƙwarya, ta murje shi da ruwa har ya ɓace. Sa'an nan ta riƙa zubawa kaɗan-kaɗan tana zagaya bakin kwatarniyar. Ta juya da hannu a hankali, ta cire hannunta, ta naɗe shi a ƙirji. Ga mace irin Afiniki, cire hannun nan shi ne aiki mafi wuya.

Suka zauna su biyu suna kallo. Da farko kamar ba komai. Can sai jan ya fara tsinkewa, yana haɗuwa ƙulli-ƙulli, yadda awara take yi in an zuba mata ruwan tsami. Ƙananan ƙulle-ƙullen suka riƙa neman juna, suna kamawa, suna yin nauyi, suna sauka. Wani siririn layi na ruwa mai haske ya bayyana a sama, ya riƙa faɗi.

Afiniki ta ce a hankali, "Baban Kyauta, kira min yarinyar nan ta zo ta gani."

Waƙa ta dawo gidan a ranar. Da jan ya gama kwanciya ta tsiyaye ruwan, ta kwashi jan yumɓu mai santsi, ta kware tsummokin randar. Da sauran danshi a jikinta, kaɗan ya rage. Ta shafa mata jan tun daga baki har gindi, randar ta karɓa. Ta ɗauko 'ya'yan kuka da ta zarge a igiya ta yi ta gogewa, Kyauta tana riƙe mata, har randar ta fara ɗaukar ido. Da ta bushe aka lulluɓe ta da kara da ƙaiƙayi aka gasa. Ta fito ja wur, ba tsaga, ba ɓamɓarewa. Afiniki ta ƙwanƙwasa ta da yatsa, ta yi ƙara mai daɗi. Murna kamar ta zuba ruwa a ƙasa ta sha.

Ranar biki matan zumunta suka ɗauki randar a gaba, suna waƙa suna kaɗa tulu, suka ƙetare rafi da ita. Mutane suka yi ta fitowa kallo. Da aka sauke ta a ɗakin amarya, Kyauta ta leƙa ciki ta ga wani ɗan ƙulli a tsumma. Ta kwance, ta ga gishiri ne. Ta ɗago ta dubi uwarta.

Afiniki ta ce, "'Yata, gida yakan dagule, ko na masu ƙaunar juna. In ranar ta zo, kada ki yi ta damawa yadda na yi. Ki tuna da wannan."

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: jan ruwan nan mu ne.

Masu ilimin kimiyya sun bincika abin da Afiniki ta gani, bayaninsu kuwa ba shi da wuya. Sun ce ƙwayoyin yumɓun da ke yawo a ruwa ƙanana ne ƙwarai, kowace kuma tana ɗauke da caji a jikinta, irin ƙarfin nan na lantarki. Cajin dukansu iri ɗaya ne. Abubuwa biyu masu caji iri ɗaya kuwa ture juna suke yi. Saboda haka duk sa'ad da ƙwaya ta matso kusa da 'yar'uwarta, sai su ingije juna. Ita kaɗai ba ta da nauyin da za ta sauka, haɗuwa kuma ta gagara, sai su yi ta yawo, ruwa ya zauna a dagule. Ku lura da wannan: ba bambanci ne ya raba su ba, kamanni ne. Ƙasa ɗaya ce, daga gaɓa ɗaya.

Ashe ba haka muke ba? Wa da ƙane da suka daina gaisawa, in ka duba, zuciya iri ɗaya ce da su, ta ubansu. Mata biyu a ƙungiyar mawaƙa da ba sa zama a benci ɗaya, kowace so take a ji muryarta. Ni kaina na lura, mutumin da ya fi ba ni haushi yawanci shi ne wanda halinsa ya fi kama da nawa. Kada ku yi dariya, ku duba naku.

To, me gishiri yake yi? In ya narke, yakan rabu zuwa waɗansu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da ido ba ya gani, waɗansu masu caji irin na yumɓun, waɗansu masu akasinsa. Masu akasin nan sai su taru su kewaye kowace ƙwayar yumɓu. A ruwan sama ba su da yawa, don haka turin kowace ƙwaya yana kaiwa nesa, ba mai iya kusantarta. Amma in gishiri ya wadata, sai su matso su rufe ta kurkusa, su tare turin, har ya kasa kaiwa ko'ina. A nan ne ƙwaya take iya matsowa jikin 'yar'uwarta su kama juna. Gishirin bai kori ko ƙwaya ɗaya daga kwatarniya ba, bai kuma danna kowa ƙasa da ƙarfi ba. Tsayawa ya yi kusa da kowace, har zafinta ya daina kai wa ta gefenta.

Kun san Ubangijinmu da gishiri ya kwatanta masu binsa. Mukan ɗauka maganar ɗanɗanon miya ce kawai. Ga wani aikin gishiri yau. Mai sulhu shi ne wanda zai je ya zauna kusa da mai fushi, ya saurare shi, ya shanye zafin maganarsa, kada ya kai ta gaba. Sa'an nan ya tashi ya je wurin ɗayan ya yi haka nan. Wanda yake ɗaukar magana daga nan ya kai can, wannan muciya ce, damawa yake yi.

Ku kuma tuna da dunƙulen da aka jefa ya zauna a gindi. Gishiri ne na gaske, amma bai yi komai ba, don bai narke ba. Akwai mu da yawa haka. Mun san gaskiya, muna zuwa sujada, amma muna zaune a dunƙule, muna so a gan mu a san mu ne. Gishirin da ya yi aiki a kwatarniyar Afiniki ba wanda ya ƙara ganinsa. Ranar biki randa aka yaba. Haka Almasihu ya yi da mu: bai tsaya daga nesa yana ba da umarni ba, ya shigo cikin dagulallen ruwanmu, ya ba da kansa, domin mu sulhunta da Allah da kuma juna.

Abu na ƙarshe, rijiyar bayan gari. Afiniki ta raina ta don ruwanta ba shi da daɗin sha. A kowace ikilisiya akwai irinta: tsohuwar da ba ta iya jawabi ba, dattijon da ba a taɓa zaɓa a kwamiti ba. Ba mai leƙa su. Amma su ne suke bi gida-gida da yamma suna zama da mutane, saboda su ne ruwanmu yake kwanciya ba mu sani ba. Kada mu jira sai sun tafi kafin mu gane.

An ce washegarin biki mutane suka ga Afiniki a bakin tsohuwar rijiyar da tsintsiya a hannu, tana share ciyawar da ta rufe hanyar, tana waƙarta. Dogara yana biye da ita da sabuwar igiyar guga.

Yanzu kowa ya tuna da mutane biyu da ya sani waɗanda ba sa ga maciji da juna. Na san kun riga kun tuna, na ga waɗansunku sun sunkuyar da kai. A makon nan ka je wurin ɗaya daga cikinsu. Kada ka tafi da muciya. Ka zauna kusa da shi, ka narke, ka bar wa Allah sauran.

Ubangiji ya sa mu zama gishiri a gidajenmu. Amin.